Yadda za ka dasa shingen da zai tare maka ƙura da hayaƙi a Kano

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandaren 'yan mata da ke bakin babban titi a cikin Kano. Ajin da na fi daɗewa a cikinsa tagoginsa titi suke kallo, tsakaninsu da kwalta bai fi taku ashirin ba. In hunturu ya kama, sai ɗalibai sun kaɗe benci da gefen hijabi kafin su zauna, kuma kafin a fita tara wata ƙurar ta sake kwantawa, har ka iya rubutu da yatsa a kan tebur. Akwai wata yarinya mai asma da ke zama a layin taga. Na mayar da ita can ƙuryar aji, tarin bai sake ta ba. Ranar da aka fita da ita a adaidaita sahu numfashi yana sarƙe mata, ranar na ƙudurta sai na sa wani abu tsakanin tagogin nan da titi.

Shekara shida ke nan. Na dasa, wasu sun mutu, wasu sun rayu, na kuma zauna na karanta abin da masu bincike suka gano game da tsirrai da iskar birane. Su yanzu bishiyar titi da shingen tsirrai da lambun unguwa da tsiron da ke bin bango, duk cikin ababen more rayuwa suke lissafa su, sahu ɗaya da kwalta da kwalbati da famfo. Abin da na fi so ka riƙe shi ne, wurin da ka dasa da siffar abin da ka dasa sun fi yawansa muhimmanci. Bishiya ɗari a inda bai dace ba, ba za ta yi maka aikin shinge guda mai kauri da ke tsaye tsakanin salansa da hancin yaro ba.

Fara da sanin abin da kake son tarewa

Ƙurar da kake gani a kan benci ba ita ce mafi haɗari ba, don hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawan manyan ƙwayoyi. Wadda likitoci ke tsoro ita ce PM2.5, ƙwayar da faɗinta bai wuce maikiromita 2.5 ba. Sai ka jera kusan talatin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ita ce ke wucewa har ƙarshen huhu, mafi ƙanƙantarta ta shiga jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'auninta daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara, ta ce na yini guda kada ya wuce 15. Hukumar tana danganta mutuwar mutum kusan miliyan 7 a duk shekara da gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida.

Tamu a Kano iri biyu ce. Akwai baƙuwa, wato hazon hunturu, wanda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, tun daga wajen Nuwamba har zuwa Maris. Wannan ta sama take zuwa ta lulluɓe gari gaba ɗaya har Dala ya ɓace wa ido, kuma babu shingen da zai hana ta sauka. Sai kuma 'yar gida: hayaƙin adaidaita sahu da tireloli, janareto, bolar da ake cinna wa wuta, itace da gawayin girki, masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, da ƙurar layukan da ba kwalta wadda taya ke tayarwa daga safe zuwa dare. Wannan a ƙasa take tashi, daidai tsayin yaro, kuma da ita tsirrai za su iya yi maka faɗa.

Inda bincike ya karkata

Da farko tambayar masana ita ce: nawa bishiya ke haɗiyewa? David Nowak na hukumar gandun daji ta Amurka da abokan aikinsa sun yi wannan lissafi, suka fitar a 2014 cewa bishiyoyin ƙasar sun kwashe tan miliyan 17.4 na dattin iska a shekarar 2010, sun kuma hana mutuwar mutum sama da 850. Adadin yana da daɗin ji. Amma a cikin wannan binciken dai suka ce gyaran da hakan ya yi wa iskar ƙasar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ranar da na karanta wannan jikina ya yi sanyi, don ni a zatona in aka cika gari da bishiya shi ke nan.

Daga nan tambayar ta sauya, ta koma: ta ina iska ke bi, kuma wa ke tsaye a hanyarta? A 2013 wasu masu bincike a Beljiyam suka nuna cewa a matsattsen titi mai dogayen gine-gine hagu da dama, manyan bishiyoyi suna iya ƙara taruwar hayaƙi a ƙasa, saboda rumfar da suka yi tana hana shi tashi sama. A 2017 Farfesa Prashant Kumar na Jami'ar Surrey a Ingila da tawagarsa suka tattara binciken da aka yi a baya suka tace, sakamakon ya rabu biyu: a matsattsen titi gajeren shinge ya fi bishiya, a buɗaɗɗen titi kuma dogon shinge mai kauri, wanda ba shi da kafa tun daga ƙasa, shi ke kare waɗanda ke bayansa.

Gwajin da ya fi burge ni na Farfesa Barbara Maher ne a garin Lancaster na Ingila, shi ma a 2013. Ta jera ƙananan bishiyoyi a cikin tukwane a gaban wasu gidaje da ke bakin titi, ta bar maƙwabtansu ba komai. Aka goge fuskar talabijin ta kowane gida tas, bayan kimanin mako biyu aka dawo aka sake gogewa aka auna abin da ya kwanta. Gidajen da bishiyoyin suka tare, ƙurar motar da ta shiga musu ta ragu da fiye da rabi. Ka ga bambancin: a ma'aunin ƙasa guda ƙasa da kashi ɗaya, a ma'aunin ɗaki guda fiye da rabi.

Wani abu da ke yawo a WhatsApp ma bincike ya warware shi, batun tukunyar fulawa a falo tana tace iska. Asalinsa gwajin NASA ne, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na 1989, a cikin rufaffun akwatuna. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka suka lissafa cewa sai ka tara tsiro 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita ta ɗaki kafin su yi abin da shige da ficen iska ke yi. Ajiye fulawarka don kyau, amma kuɗin kare numfashi ka kai shi ƙofar gida.

Kafin ka haƙa rami, tsaya ka duba

Ɗauki kujera ka zauna a ƙofar gidan ko makarantar sau biyu a yini: da sassafe lokacin kai yara makaranta, da kuma tsakanin magariba da isha'i. A lokutan nan, musamman da sanyi, iska takan kwanta, hayaƙi ya kasa tashi, sai ka gan shi shuɗi-shuɗi yana shawagi daidai kan mutane. Ka lura daga ina yake fitowa. Wani lokaci za ka tarar ba titin ba ne, janareton mai shagon kusa ne da aka juyo salansarsa wajen tagarka, ko bolar bayan katanga. In haka ne, a fara da magana: a juya salansa, a ɗaga bututun sama, a daina ƙona shara. Abin da aka kashe daga tushe ya fi abin da ganye zai tare nesa ba kusa ba.

Sannan ka ɗaura ɗan ƙyalle a kan sanda ka kula da inda yake kaɗawa na 'yan kwanaki. A Kano iskar rani daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, amma gine-gine suna karkatar da ita, kowane layi da halinsa. Shingenka zai tsaya ne tsakanin tushen hayaƙin da wurin da mutane ke zama, kuma gwargwadon kusancinsa da titin gwargwadon amfaninsa.

Wane irin titi ne naku?

Auna faɗin layin da taku, ka ƙiyasta tsayin gine-ginen da ke gefensa.

In buɗaɗɗen titi ne, irin su Titin Zariya, Titin Haɗeja, Titin Gwarzo ko Titin Katsina, inda faɗin ya ninka tsayin gini sau da yawa, to shinge mai hawa biyu kake bukata: gajeren tsiro mai duhu a gaba, bishiyoyi a bayansa. A nan na yi kuskurena na farko. Darbejiya zalla na jera a gaban ajin, suka tashi da kyau, muka riƙa datse rassan ƙasa don su miƙe. Bayan shekara uku muna da inuwa, amma tsakanin ƙasa da ganyen farko akwai fili fiye da tsayin mutum, kuma ta nan hayaƙin ke ratsowa kai tsaye zuwa taga. Wani dattijo mai rainon dashe da nake saye a wurinsa ya zo ya gani, ya ce, "Malam, ai riga ka ɗinka ba wando. Salansa a ƙasa take." Na ce, "Baba, to yanzu mene ne abin yi?" Ya ce a bi gabansu da lalle layi biyu. Haka aka yi.

Jagorar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 2016 ta ba da shawarar tsayin mita 5 da kaurin mita 10 a gefen manyan hanyoyi. Mu da wuya mu sami wannan filin a cikin gari, sai a harabar makaranta, asibiti, filin idi ko maƙabarta. Amma shinge mai tsayin mita 2 da kaurin mita 1 zuwa 2 yana aiki ga wanda ke dab da bayansa. Sharaɗin kawai kada ya yi giɓi. Duk inda aka bar kafa, iska ta nan take matsowa da ƙarfi, sai wanda ke zaune saitin kafar ya fi kowa shaƙa. Ka kuma zarce da shingen ya wuce ƙarshen ginin ta kowane gefe, don hayaƙi yana zagayowa ta kusurwa.

In kuwa layi ne matsattse, irin na Sabon Gari ko Fagge inda benaye ke fuskantar juna, tsayin gini ya kusa faɗin titi ko ya fi shi, kada ka jera manyan bishiyoyin da kawunansu za su haɗe. Gajeren shinge ka sa a gefen hanya, wanda bai wuce ƙirji zuwa kan mutum ba, in za a sa bishiya a ba ta tazara sosai. Akwai layin wani ɗan'uwana da darbejiyoyi suka haɗe sama suka yi rumfa. Da rana aljannar duniya, amma in aka ɗauke wuta da daddare kowa ya tada janareto, ido har yaji yake. Wasu suka ce a sare. Ban goyi baya ba, kuma ba zan taɓa goyon baya ba, don wanda ya san zafin Afrilu a Kano, lokacin da ma'auni ke haura 40, ya san inuwa ma magani ce. Rage rassa aka yi, aka buɗe tsakiya ana hango sama, hayaƙi ya sami mafita.

Lungunan cikin badala kuwa, inda mutum biyu ke gogar kafaɗa, ba wurin shinge. Abin yi shi ne tsiro mai bin bango, da bishiya guda a tsakar gida.

Zaɓen iri

Bincike ya nuna ganye ƙanana, masu kaushi ko gashi-gashi ko danƙo, sun fi babban ganye mai santsi kama ƙura. Amma a wurinmu tambaya ta farko ita ce: yana da ganye a watan Janairu? Kuka da aguwa da bini-da-zugu duk tsirara suke yin hunturu, daidai lokacin da ake bukatarsu.

Don gajeren shinge, lalle na fi so. Ganyensa ƙanana ne, yana yin rassa tun daga gindi, yana jure aski, kuma in yana samun ɗan ruwa yana riƙe ganye da rani. Bogenbiliya, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, tana jure ƙishi, ita ce ta bango. Darbejiya ma in aka dasa ta kusa-kusa ana aske kanta, shinge take zama. Ka guji fulawar nan mai siririn ganye da fure rawaya kamar ƙararrawa a inda yara suke, 'ya'yanta guba ne.

Don layin baya: tsamiya, mangwaro, kanya, maɗaci inda akwai fili. Tsamiya tana da jinkiri, kuma za ka sha jin cewa gidan aljanu ce, amma ganyenta ƙanana ne masu yawa, in ta kafu kuma jikokinka ma za su sha inuwarta. Maɗaci shi ne ke ƙawata tsofaffin titunan unguwar Nasarawa, sai dai ka kare gindinsa daga masu sassaƙe. Gawo kuwa kamar don hunturu aka halicce shi: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. A filin makaranta ko maƙabarta ban san kamarsa ba. Cediya da durumi da gamji inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu tana fasa gini da kwalbati, a nisanta su da katanga.

Turare ban ba da shawararsa a bakin titin birni ba. Yana cikin bishiyoyin da ke fitar da wani sinadari mai suna isofirin da yawa, wanda in ya haɗu da hayaƙin mota a cikin zafin rana yake haifar da iskar ozon, ita kuma tana ƙona huhu. Ga shan ruwa, ga karyewar reshe. A shingen iska na karkara yana da ranarsa.

Kada kuma ka dasa iri ɗaya zalla. Masana gandun birni suna da ƙa'idar da wani masanin bishiyoyi na Amurka, Frank Santamour, ya kawo a 1990, cewa kada iri guda ya wuce kashi 10 cikin 100 na bishiyoyin gari, don in cuta ta zo kada ta share duka. Mu kuwa darbejiya, wadda asalinta daga Indiya aka kawo, ta kusa cinye ko'ina. Dubi sunayen unguwanninmu: Kurna, Ɗorayi, Tsamiyar Boka, Durumin Iya, Cediyar 'Yan Gurasa, Kasuwar Rimi. Kakanninmu da bishiya suke kwatance, kuma ba iri ɗaya ba. Yau yaro zai girma a Ɗorayi bai taɓa tsinkar ɗorawa ba.

Abu guda: zogale da duk ganyen da za a ci, a tsakar gida ake dasa su, ba a bakin kwalta ba. Shingen titi aikinsa tara datti.

Dasawa

Lokaci shi ne in damina ta zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don dashen ya sha ruwan Agusta ya kafa saiwa. Shekarata ta farko a Oktoba aka ba mu dashe kyauta, muka dasa da murna, kafin Maris kusan duk sun bushe. In an ba ka a makare, gara ka raine su a ledarsu a inuwa har wata damina.

Kafin komai ka je wurin mai unguwa, in bakin babban titi ne kuma ka nemi izinin hukuma, ka tambayi inda bututun ruwa ya bi, ka ɗaga kai ka dubi wayar wuta. Ni da na je na ce, "Ranka ya daɗe, shinge muke son yi saboda yara," abin da ya fara tambaya shi ne ko ɓata-gari ba za su laɓe a ciki ba, ko kuma ba zai tara sauro ba. Tambayoyi ne na gaskiya. Amsar ita ce aski a kan kari, da barin ƙofa a buɗe ana hangowa. Sauro kuma a kwantaccen ruwa yake ƙyanƙyasa, sai a kula kada ban-ruwa ya zama kududdufi.

Ramin bishiya ya kai kamu ɗaya da ɗan ƙari a faɗi da zurfi. Ƙasar cikin gari cike take da ɓaraguzai da leda, a tsince su, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba, ɗanye yana ƙona saiwa ya kira gara. Na shinge kuwa dogon rami za ka ja, ka dasa layi biyu a saɓe, tazarar kamu ɗaya, yadda kowane dashe na baya zai toshe tsakanin biyu na gaba. Da yamma ake dasawa. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba, a binne daidai inda ƙasar leda ta tsaya, a danna da ƙafa, a yi masa 'yar kwarya a gindi, a ba shi ruwa nan take. Ka rufe gindin da ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, amma kada ya taɓa jikin dashen. In ka ga gara, barbaɗa toka.

Ranar da ka dasa, ranar za ka kare. Akuya ba ta jiran gobe. Tsofaffin bulo da aka jera da 'yan kafofi, ragar waya, ko ƙayar magarya, duk suna yi.

In lallen ya kai gwiwa, ka datse kansa. Mutane suna jin tausayin yin haka, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: datsewar ce ke sa ya yi rassa daga ƙasa. Ka riƙa aski gindin ya fi sama faɗi, don rana ta sami ganyen ƙasa kada su zube.

Rani biyu na farko

Nan ne aikin yake. Dasawa yini ɗaya ce, da hoto da jawabi. Raino wata ashirin ne ba mai kallo. Abin da ya sa shirin birnin Freetown na Saliyo ya ja hankalin duniya ke nan. Magajiyar garin, Yvonne Aki-Sawyerr, ta ƙaddamar da dashen bishiya miliyan ɗaya a 2020, aka riƙa yi wa kowace bishiya rajista da hoto a waya, ana biyan masu raino gwargwadon yadda ta ci gaba da rayuwa. Ni a makaranta haka na kwaikwaya ba da kuɗi ba: kowace ɗaliba biyu da dashensu, da sunansu a jikin bulo.

Ruwa shi ne matsala, kowa ya san kuɗin kurar 'yan garuwa da bazara. Dabara biyu suka cece mu. Ta farko tulu: ka binne tulun ƙasa marar fenti a gefen dashen har wuya, ka cika, ka rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan yana tsatsafowa a hankali daidai saiwa, cikawa ɗaya takan yi kwanaki. Ta biyu ruwan alwala. Dubi yawan ruwan da ke bin kwata a ƙofar kowane masallaci sau biyar a yini, ruwa mai tsabta ba sabulu. Mun ja 'yar hanya da siminti daga wurin alwalar masallacin makaranta zuwa ramin shingen, kuma wannan ɓangaren ya ninka sauran girma. Da na kai wa limamin unguwarmu shawarar a yi haka a can, shi ya karanto mini hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa duk Musulmin da ya yi dashe, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga ciki, sadaka ce a gare shi.

Akwai abin da binciken Turai bai cika damuwa da shi ba, don su ruwan sama yana wanke musu ganye duk shekara. Mu daga Oktoba zuwa Mayu kusan ba ɗigo. Ganye yakan cika da ƙura ya yi fari fat, ya daina kamawa, iska ta kaɗa ta mayar da ita sama. Saboda haka sau ɗaya a mako ko biyu, da yamma, a watsa wa shingen ruwa ta sama, ƙurar ta gangara gindi. Ganyen da ya zube kuma don Allah kada a tara a cinna masa wuta, hayaƙin safiya ɗaya zai mayar da abin da shingen ya daɗe yana tarewa. A mayar da shi gindi ya zama taki.

Gwada ka gani

Gani ya kori ji. Yanki farin kwali uku, ka shafa musu basilin siriri. Rataye ɗaya a gaban shinge, ɗaya a bayansa, na ukun kuma a wurin da ba shinge amma nisansa da titi daidai da na biyun; duka a tsayin hancin yaro, suna kallon titi. Bayan mako guda ka jera su a kan tebur. Na biyu da na uku za ka kwatanta, don nisa kaɗai ma yana rage ƙura. Wannan manyan ƙwayoyi yake nunawa. PM2.5 sai da na'ura, kuma nan ma bincike ya sauya: ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi irin PurpleAir, da na AirQo da Jami'ar Makerere ta Yuganda ta ƙera don yanayin biranen Afirka, sun sa makaranta ko ƙungiyar unguwa ma tana iya aunawa da kanta.

Ga ɗalibanmu na Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantu masu neman abin da za su yi bincike a kai: mafi yawan aikin nan a Turai da Amurka da Sin aka yi shi, a kan bishiyoyin da ba sa tsirowa a nan. Hanyar ba ta da tsada. A tsinko ganyen lalle da tsamiya da gawo da darbejiya daga bakin titi ɗaya, a wanke kowanne a ruwa mai tsabta, a tace da takardar tacewa, a busar, a auna nauyin ƙurar, a raba da faɗin ganyen. A yi a Disamba, a maimaita a Agusta. Nawa ɗaliban sun fara da ma'aunin ɗakin gwaje-gwajen makaranta, kuma kwalayen basilin na bana suna rataye a jikin lallen tun ranar Litinin.